Dare Ɗaya Allah Kan Yi Bature: To, Washegari Fa?

Duk mai bin ƙagaggun labaran Hausa, na takarda ko waɗanda ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ya san wannan zubin. Yarinya ce 'yar talakawa, mai haƙuri, wadda ta iya juya ɗan abin cefane har ya kai dare. Ko kuma saurayi ne mai takalmi ƙwaya ɗaya, wanda dangi suka raina. Marubuci zai kwashe shafi ɗari biyu yana nuna mana yadda ake raba dunƙulen magi biyu a gidansu, yadda ake haɗa guntayen sabulu a curi, yadda ake janye itace daga murhu da zarar an sauke tukunya don ya kai gobe. Sai babi na kusa da ƙarshe ya zo da sauyi: wani attajiri ya gan ta ya aura, ko a gano ashe saurayin ɗan wani hamshaƙi ne da ya ɓata tun yana jariri. Daga nan sai jerin motoci, lefe akwati goma sha biyu, tafiya Umara, marubuci ya yi hamdala ya rufe littafi.

Ni kuwa a nan tambayata take farawa. Wannan yarinya da ta saba curin guntun sabulu, ranar da ta wayi gari da katan-katan na sabulu a sito, za ta ci gaba da curawa? Idan ta ci gaba, yaba mata za mu yi ko mu ce rowa ta kama ta? Idan ta daina, abin da muka yi ta yabo a shafi ɗari biyu hali ne, ko babu ce kawai ta sa ta dole?

Rufe labari da samu tsohuwar al'ada ce a adabinmu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutu da Rupert East ya shirya daga Zariya, mun tarar da Alhaji Imam ya riga ya zama mai dukiya, yana ba Koje Sarkin Labari tarihin yadda ya same ta. Duk daɗin littafin a kan hanyar nema yake. Wannan ba aibi ba ne ga labarin yawon duniya. Aibin namu ne, da muka shekara casa'in muna tsayawa a inda ya tsaya.

Kuma lamarin ya wuce na littafi. Iyayenmu sun ga zamanin Udoji, lokacin da gwamnatin Janar Gowon ta ƙara wa ma'aikata albashi a farkon 1975, ta haɗa musu da ariyas na watannin baya. Kuɗi suka shigo hannun malamin makaranta da masinja a dunƙule, aka yi rububin rediyo da babur, kuma a wannan shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Yau ma akwai bazawarar da aka raba gado aka miƙa mata tumunin takaba, da tsohon ma'aikacin da garatutinsa ya fito bayan dogon jira, da manomin da aka biya diyyar gonarsa saboda titi zai ratsa, da matasan da suka kwana suna danna waya a 2024 suna mainin, kowa da lissafin abin da zai saya idan ta fashe. Dukansu suna karanta littattafanmu ko suna sauraronsu a rediyo, kuma littattafan ba su tanadar musu komai ba game da washegari.

A aikin rubuta manhajar kwamfuta akwai ƙa'idar da ake koya wa ɗan koyo tun farko: manhajar da ba a taɓa gwada ta da kaya mai nauyi ba, ba a cewa tana aiki, sai dai a ce ba ta faɗi ba tukuna. Tattalin talaka haka yake. Ba a gwada shi ba sai ranar da akwai. Zan ɗauki littattafai huɗu da suka yi wannan gwajin, uku daga waje, ɗaya daga gida, mu ga abin da kowanne ya gano da inda ya gaza.

Trina: tattalin da ya ƙi mutuwa

McTeague littafi ne na marubucin Amurka Frank Norris, ya fito a 1899, kuma labarin ya faru a birnin San Faransisko. Tauraron littafin likitan haƙori ne da bai yi makaranta ba, ya koyi aikin a hannun wani mai yawon cire haƙori. Ya auri Trina, 'yar wasu baƙin haure masu jin Jamusanci, yarinya mai tsabta da tsari. Gab da aurensu sai tikitin cacar da ta saya a kan dala ɗaya ya ci dala 5,000.

Duk wanda ya saba da irin labaranmu zai jira facaka. Norris bai bi ta nan ba. Trina ta kai kuɗin wurin kawunta mai sayar da kayan wasan yara, ya juya su yana ba ta ruwan kashi shida cikin ɗari, wato dala 25 duk wata. Ta ci gaba da sana'arta ta sassaƙa 'yan dabbobin katako na jirgin Annabi Nuhu. Babbar kyautar da muka ga ta yi ita ce wani ƙaton haƙori mai ruwan zinari da ta saya wa mijin don ya rataye a tagar shagonsa. Har nan mai karatu zai ce madalla da mace ta gari.

Sai Marcus, abokin McTeague wanda ya janye masa a neman Trina kafin kuɗin su zo, ya ji an cuce shi, ya kai ƙara cewa mutumin ba shi da lasisi. Aka hana McTeague aiki. Ga ranar da aka yi tanadi dominta ta zo, amma Trina ta ƙi taɓa uwar kuɗin. Suka dinga saukowa daga ɗaki mai kyau zuwa mai araha, zuwa wanda ya fi shi muni. Ranar da mijin zai fita neman aiki, ga hadari ya haɗo, ta hana shi kuɗin mota, ya dawo a jiƙe sharkaf. Mahaifiyarta ta rubuto tana neman taimako, Trina ta ce su haɗa kuɗi su aika, ta karɓi nasa kason ta riƙe. Daga ƙarshe, bayan ya sace 'yan kuɗin da ta ɓoye a akwati ya gudu, ta koma goge-goge a makarantar yara, ta dinga karɓo dukiyarta daga hannun kawun a tsabar zinari, tana shimfiɗa su a gado tana kwanciya a kai. Mijin ya dawo ya kashe ta saboda su. Shi ma ya ƙare a tsakiyar hamada, hannunsa ɗaure da ankwa a hannun gawar Marcus, ga zinari, babu ruwa.

Abin da Norris ya gano shi ne akwai tattalin da tushensa tsoro ne. Kafin cacar, Trina ba ta da abin da za ta ji tsoron rasawa, don haka tattalinta yana da iyaka. Da dala 5,000 suka zo sai suka zame mata wani adadi mai alfarma wanda ba a ragewa. Samu bai kwantar mata da hankali ba, ƙara mata abin gadi ya yi. Hausa ta bambanta tsimi da maƙo, kuma littafin ya nuna yadda ake sulalewa daga wannan zuwa wancan ba tare da mai yi ya ji ya canja ba.

Inda littafin ya gaza shi ne wajen bayar da dalili. Norris ya ɗora halin Trina a kan jini, wai gadon kakanninta ne manoman kan duwatsu masu ƙwauro. Haka ya zana wani mai sayen tarkace Bayahude da siffar ƙabilanci mai muni. Wannan ragon bayani ne, kuma ya saba da abin da labarin kansa ya nuna. Marubucin da ya ce hali zanen dutse ne ya huta da aikin nuna yadda aka zana shi. Namu marubutan ma suna yin haka duk lokacin da suka ce wance muguwa ce saboda uwarta muguwa ce.

Ibrahima Dieng: kuɗin da suka ƙare kafin su iso

Ousmane Sembène na Senegal ya fitar da gajeren littafinsa Le Mandat da Faransanci a 1966, sannan a 1968 ya mayar da shi fim mai suna Mandabi da harshen Wolof, wanda ya samu kyauta a bikin finafinai na Venice. Ibrahima Dieng dattijo ne a Dakar, ba shi da aiki, yana da mata biyu, Mety da Aram, da tarin 'ya'ya. Ɗan 'yar'uwarsa Abdou, mai sharar titi a Paris, ya aiko masa da takardar karɓar kuɗi ta gidan waya, sefa 25,000, jaka ashirin da biyar ke nan. Wasiƙar ta fayyace rabon: 20,000 a ajiye wa Abdou, 3,000 a ba mahaifiyarsa, 2,000 na Dieng.

Tun kafin maigida ya dawo gida, matan sun riga sun je kanti sun karɓo shinkafa bashi a kan ƙarfin takardar. Ya ci ya yi nak, har tashi ya gagare shi. Kafin rana ta faɗi unguwa ta ji. Wannan ya zo rance, wancan ya zo neman mudun shinkafa, mai kanti ya tuna da tsohon bashi. A gidan waya aka ce sai da katin shaida. Katin shaida sai da takardar haihuwa da hoto. Takardar haihuwa sai da ranar haihuwa, shi kuwa bai san ta ba. Kowace ƙofa ya taɓa sai ya biya, kuma da bashi yake biya. Mai hoto ya cuce shi. 'Yar'uwarsa ta taso daga ƙauye neman kasonta, aka jinginar da gwal ɗin matarsa. A ƙarshe ya sa hannu a takardar wakilci ga wani ɗan boko mai suna Mbaye, wanda ya karɓo kuɗin ya dawo ya ce an yanke masa aljihu.

Wannan littafi ya fi na Norris kusa da rayuwarmu, domin ya kawar da wani zato da ke ɓoye a cikin tambayar tun farko, wato zaton cewa mai kuɗin shi kaɗai ke yanke shawara. Trina tana iya kulle akwati ta zauna a kai saboda tana zaune a garin da maƙwabci ba ya shigowa ba sallama. Dieng ba shi da wannan dama. Mutanen da ke zuwa rance su ne waɗanda suka ranta masa jiya, kuma su ne za su ɗauki gawarsa gobe. Idan ya hana, ya tsira da kuɗi ya rasa unguwa. A irin wannan zama, talauci kansa katanga ne: muddin an san ba ka da shi, ba mai ganin laifinka. Labarin samu ne ke rushe katangar, ko da samun bai iso ba. Shi ya sa dabarar da ta fi yi wa gidan aiki ita ce ƙaryar da matan suka yaɗa cewa an sace kuɗin. Nan take masu roƙo suka koma masu kawo gudummawa.

Akwai wani abu da mai karatu zai iya tsallakewa. Mai tattali na gaskiya a labarin shi ne Abdou, wanda ba ya ma gari. Kuɗin da unguwa ta ɗauka garaɓasa ce, guminsa ne na shara a cikin sanyin Faransa, ya tara kaɗan-kaɗan. Duk ɗan ci-rani da ke aiko da kuɗi gida daga Legas ko Jidda ko Agadas ya san wannan ciwo: abin da ka tara da ƙyar, a wurin mai karɓa daga sama ya faɗo.

Raunin littafin shi ne Sembène ya fi damuwa da tsire ma'aikatun gwamnatin bayan mulkin mallaka da sababbin 'yan boko fiye da shiga zuciyar Dieng. Tun da kuɗin ba su taɓa shiga hannunsa ba, ba mu san abin da zai yi da su ba. Ga alamu dai, da yadda yake son babbar riga da girma a idon jama'a, jaka biyunsa ba za su kwana ba.

Wang Lung da O-lan: gida ɗaya, amsa biyu

The Good Earth na Pearl Buck, Ba'amurkiyar da ta tashi a ƙasar Sin, ya fito a 1931. Wang Lung manomi ne matalauci, ya auri O-lan, baiwa daga gidan masu ƙasa na zuriyar Hwang. Fari ya kore su zuwa wani birni a kudu, shi yana jan keken ɗaukar mutane, ita da yara suna bara. Ranar da tarzoma ta ɓarke talakawa suka fasa gidan wani attajiri, Wang Lung ya ci karo da wani mai ƙiba da tsoro ya kama, ya karɓe masa zinari. O-lan kuwa, da yake ta yi bauta a gidan masu kuɗi ta san inda suke ɓuya, ta zaro bulon da ya yi sako-sako a bango ta kwashi duwatsu masu daraja.

Asalin dukiyar ganima ce, kuma littafin bai ɓoye wannan ba. Amma abin da suka yi da ita shi ne abin dubawa. Sun koma gida, sun sayi iri da sa, sannan Wang Lung ya kwashi duwatsun ya sayi gonakin gidan Hwang, waɗanda shan tabar opiyom da bushasha suka karya. O-lan ta roƙi a bar mata lu'ulu'u biyu kacal, ba don ta sa ba, don ta riƙa dubawa. Shekaru suka wuce suna noma kamar da. A nan tattali ya tsallake gwajin farko, kuma dalili a fili yake: yana da abin da yake bauta wa. Wang Lung ba kuɗi yake so ba, ƙasa yake so, don haka zinari bai daɗe a hannunsa ba balle ya zama abin bauta ko abin wasa.

Abin da ya karya shi ambaliya ce. Ruwa ya shanye gonaki, ga rumbu cike, ga 'yan ƙodago, ba abin yi. A zaman banzan nan ne ya fara kallon matarsa ya ga muninta, ya fara zuwa gidan shan shayi na birni, ya kamu da son wata mai suna Lotus, ya sayo ta ya ajiye a gida. Wurin da ya fi ciwo a littafin shi ne inda ya tarar da O-lan tana wanki ya ce ta ba shi lu'ulu'un nan biyu, ya kai wa amarya. O-lan ta ci gaba da wankinta. Har ta mutu ba ta sauya yadda take riƙe gida ba. Littafin ya rufe da 'ya'yansa, waɗanda suka tashi cikin wadata, suna shirin sayar da gonakin, suna rarrashin tsohon cewa ba za su sayar ba.

Darasi biyu ke nan da sauran littattafan ba su kawo ba. Na farko, sau da yawa ba kuɗin ne ke kashe tattali kai tsaye ba, hutun da kuɗin ke sayowa ne. Mutumin da aiki ke cinye masa yini ba shi da lokacin sha'awa. Na biyu, ko tattali ya tsira a wurin wanda ya san yunwa, ba ya shiga cikin kayan gado. Sai dai Buck ta yi wa O-lan abin da marubutanmu ke yi wa matan kirki: ta yi mata shiru da yawa. Muna ganin haƙurinta daga waje, ba mu san ko zaɓi ne ko tabon bauta ba.

Rabi: wa ke tattalin, wa ke cin moriyarsa?

Daga cikin littattafan gida, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990 kuma Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi a 2012, shi ne ya fi kusantar wannan tambaya, duk da cewa ta bayan gida ya biyo mata. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a Kano. A waje mai hali ne, a gida kuwa abin da yake bayarwa na cefane ba ya isar matarsa Rabi da 'ya'ya tara. Ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta dogara da sayar da abinci ta riƙe yaran. Sai 'yarta Saudatu ta auri wani mai arziki, Alhaji Abubakar, shi kuwa Alhaji Abdu gobarar kasuwa ta cinye dukiyarsa, Delu ta juya masa baya.

Ƙarfin littafin shi ne ya nuna cewa a gida ɗaya ana iya samun maƙo da almubazzaranci a aljihu ɗaya. Alhaji Abdu marowaci ne idan an zo kan tukunyar Rabi, mai sakin hannu ne idan an zo kan son ransa. Tattalin da ake yi a gidan shi ya ɗora shi, Rabi ke ɗauka. Duk wanda ke tambaya ko tattali zai tsira bayan samu, ya kamata ya fara tambayar tattalin wa ake nufi. A gidaje da yawa samu ya daɗe da zuwa, ƙofar kicin ce kawai bai shiga ba.

Abu na biyu shi ne yadda Rabi ta mayar da dole ta zama sana'a. Iya juya ɗan kaɗan da ta koya a cikin ƙunci shi ne jarin da ta riƙe kanta da shi. Irin wannan tattalin ilimi ne, kamar ɗinki ko saƙa, kuma ilimi ba ya gudu don kuɗi sun zo.

Amma littafin ya bi sawun 'yan'uwansa a wuri ɗaya. Auren Saudatu ya zo a matsayin sakayya, kuma daga nan hankalin labarin ya fi karkata ga faɗuwar Alhaji Abdu, domin jigon shi ne alhaki yana bin mai shi. Ƙarshen, inda aka matsa wa Rabi ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta bayan ya tsiyace, yana da ɗaci na gaskiya: wanda ya tilasta mata tattali shi ne ya dawo ya ci amfaninsa. Da marubuciyar ta zauna a wannan gida na tsawon babi biyu, ta nuna mana wa ke ba wa kuɗin cefane yanzu, kuma nawa, da mun samu amsar da adabinmu bai bayar ba har yau.

Abin da ya rage wa marubutanmu

Idan aka jera littattafan nan huɗu, za a ga kalmar tattali tana rufe abubuwa mabambanta. Akwai na dole, wanda babu ta haifa. Wannan yana mutuwa ranar da samu ya zo, kuma ba abin kuka ba ne, domin matar da ke raba magi biyu don ba ta da na biyu ba ta yi wa kowa alkawarin dawwama a haka ba. Akwai na tsoro, irin na Trina, wanda samu ke ƙara wa ƙiba har ya cinye mai shi. Akwai kuma na sanin darajar abu da sanin inda aka dosa, irin na Rabi da na Wang Lung a shekarunsa na farko. Shi kaɗai ke da damar tsira, kuma ko shi sai ya samu aikin yi, sai kuma gida da dangi sun bar shi ya numfasa. Addini ma tsaka-tsaki ya yaba, tsakanin ɓarna da ƙwauro, kamar yadda ya zo a Suratul Furƙan, wanda ke nuna hanyar tana da rami ta kowane gefe. Labaranmu rami ɗaya kawai suka sani, na sabon-kuɗi mai facaka da ke tsiyacewa don ya zama izina.

Ba sai an je nesa neman misalin yadda ake rubuta washegari ba. A tsohon labarin Ali Baba, da ya kawo zinarin ɓarayi gida, shi so yake a haƙa rami a binne. Matarsa ta ce sai ta san yawansa. Ƙirga ya gagara, ta tafi gidan Ƙasim aron mudu. Matar Ƙasim ta shafa wani abu mai danƙo a gindin mudun don ta ga wane irin hatsi matalauta suka samu, mudu ya dawo da ƙwayar zinari a manne. A wannan ɗan motsi an nuna komai: matar da ta saba awo ba ta iya mallakar abu ba tare da ta auna ba, kuma wannan sabon nata ne ya tona asirin gidan. Mudu ɗaya ya yi aikin da jerin motoci ba zai yi ba.

Irin wannan nake nema a littattafanmu na yanzu. A rubuta mana Sallar farko bayan samu, lokacin da gwaggon da ta taɓa ba da kwanon gero ta zo da jerin buƙatu, kuma tana da gaskiya. A rubuta mijin da ya fara jin kunyar adashin matarsa, da matar da ta ƙi fita daga adashin saboda a nan ƙawayenta suke. A rubuta amaryar attajiri da 'yan aiki ke yi wa dariya a bayan ido don ta kwashe ragowar tuwo ta ce a yi ɗumame. A rubuta ɗan da bai taɓa kwana da yunwa ba yana sauraron labarin yunwar ubansa kamar tatsuniya. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa littafi, kuma babu wanda ke buƙatar boka ko hatsarin mota don ya riƙe mai karatu.

Na san abin da za a ce: mai karatu ya sha wahalar yini, ya buɗe waya don ya huta, me ya sa za a bi shi da lissafin cefane har cikin gidan attajiri? Hujja ce mai ƙarfi, kuma mafarki yana da haƙƙinsa a adabi. Sai dai marubucin da ya sa muka ƙaunaci tauraruwarsa saboda iya riƙonta, sannan ya saka mata da rayuwar da iya riƙo ba shi da amfani a cikinta, ya gaya mana ba da saninsa ba cewa halin nata tikiti ne kawai na shiga, ana yar da shi a bakin ƙofa. Bazawarar da ke riƙe da kuɗin gadon marayu, da tsohon da garatutinsa ya shigo jiya, sun cancanci littafin da ya ɗauki halin da muhimmanci fiye da haka, wanda zai raka su har cikin wata na shida, lokacin da masu taya murna sun watse, kuɗin sun ragu da rabi, ana shawarar abin da za a yi da sauran.